Baruch Blumberg: Likitan Da Ya Bi Sawun Jini Har Ya Gano Ciwon Hanta

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Agege da Shagamu, da na Anacha da Fatakwal, da duk inda neman halali ya kai mu. Yau tarihin wani likita Ba'amurke na kawo muku, mai suna Baruch Blumberg. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan Bahaushen kara da wani Bature ɗan Niyok? To haɗin yana da yawa. Na farko dai, mutumin nan ya taka ƙasar nan tun kafin a haifi galibinmu, ya ɗebi jinin Fulani da na Yarabawa ya tafi da shi. Na biyu, cutar da ya gano, wato ciwon hanta nau'in B, tana cikin cututtukan da suka fi yi mana ɗauki ɗai-ɗai. Na uku, allurar nan da ake yi wa jariri a cinya ranar da aka haife shi, daga aikinsa ta samo asali.

Yadda aka san shawara kafin zuwansa

A wajenmu, duk wanda idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi ja, jikinsa ya mutu, sai mu ce shawara ce. Kalmar ɗaya ce, amma cututtukan da ke ƙarƙashinta suna da yawa: akwai ta sauro, akwai ta gurɓataccen ruwa, akwai ta masu sikila, akwai kuma ta jini. Su kansu likitocin Turai sun daɗe cikin wannan duhun. A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, an yi wa sojojin Amurka rigakafin zazzaɓin shawara ta sauro, ashe an haɗa allurar da ruwan jinin mutane wanda ya gurɓata. Soja wajen 50,000 suka kwanta da shawara. Daga irin wannan ne aka tabbatar akwai ciwon hantar da ke bin jini. A 1947 wani likitan Ingila, MacCallum, ya raba su biyu: wanda ke shiga ta baki ya kira shi A, wanda ke bin jini ya kira shi B.

Suna dai an raɗa, amma ba wanda ya ga ƙwayar cutar da idonsa. Kusan shekara ashirin manyan masana ciwon hanta suna nemanta, ba su kama ta ba. Babu gwajin da zai nuna wane ne ke ɗauke da ita. Za a ƙara wa mutum jini don a ceci ransa, bayan wata biyu ko uku ya dawo asibiti da ido rawaya.

Daga Niyok zuwa Surinam

An haifi Baruch Samuel Blumberg ran 28 ga Yuli, 1925, a Burukilin da ke birnin Niyok, a gidan Yahudawa. Ya fara da makarantar addininsu, ya yi aikin sojan ruwa lokacin yaƙi, ya karanta kimiyyar fiziya, ya taɓa lissafi, daga baya ya koma likitanci a Jami'ar Kolombiya, inda ya gama a 1951.

Yana ɗalibi, a 1950, ya je aikin asibiti na 'yan watanni a wani garin haƙar ma'adinai mai suna Moengo a ƙasar Surinam, Kudancin Amurka. Garin nan, mai karatu, garin 'yan ci-rani ne irin namu. Akwai jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, akwai Indiyawa, da mutanen Jaba ta Indunusiya, da 'yan Sin, da 'yan asalin ƙasar. Rana ɗaya ke dukansu, sauro ɗaya ke cizonsu, amma sai ya lura cutar tundurmi, mai kumbura ƙafa, ta fi kama wasu jinsin ta ƙyale wasu. Tambayar da ta zauna masa a rai ke nan har ƙarshen rayuwarsa: me ya sa cuta ɗaya ke kayar da wani ta tsallake maƙwabcinsa?

Bayan ya yi aiki a asibitin Bellevue na Niyok, sai ya wuce Jami'ar Oksfod a Ingila, ya yi digirin digirgir a kimiyyar sinadaran jiki, ya gama a 1957. A can ya haɗu da Anthony Allison, mutumin da ya tashi a Kenya, wanda a 1954 ya nuna cewa masu rukunin jinin AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Shi ya ɗora Blumberg a kan hanyar binciken bambance-bambancen da ake gada a cikin jini.

Zuwansa Nijeriya

Tafiyarsa ta farko ta wannan bincike Nijeriya ya yi ta, a 1957, saura shekara uku a ba mu mulkin kai. Ya ɗebi jinin Fulani makiyaya a Arewa da na Yarabawa a Yamma, kuma a 1961 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon rukunan jinin al'ummomin biyu. Ko shanun bai ƙyale ba, har nonon farfarun shanun Fulani ya gwada, ya tarar da wani bambanci a sinadarin madararsu. Ina yawan tunanin yadda Fulanin ruga suka kalli Baturen da ya rato wannan uwar duniya yana roƙon jini da madara. Daga nan ya bi duniya, Alaska da tsibiran tekun Pasifik da sauran wurare, yana tara jini a 'yan kwalabe yana daskarar da su a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka, inda ya yi aiki daga 1957 zuwa 1964.

A lura, duk wannan yawon ba hanta yake nema ba. Shi ba likitan ciki ba ne, bai kuma taɓa cewa shi masanin shawara ne ba. Gado yake bi.

Layin da ya fito a faranti

Dabararsa mai sauƙi ce. Mutumin da aka sha ƙara wa jini, kamar masu cutar nan da jininsu ba ya tsayawa idan sun ji rauni, jikinsa ya gamu da jinin mutane barkatai, don haka garkuwar jikinsa ta riga ta ƙera makamai a kan duk wani baƙon abu da ya shigo. Sai a zuba wani abu mai kama da kafa a ƙaramin faranti, a huda ramuka, a ɗiga ruwan jinin irin wannan majinyaci a tsakiya, a ɗiga na wasu mutane a kewaye. Idan makamin ya gamu da abokin gabarsa, sai wani siririn layi ya fito a tsakaninsu.

A 1963, yana aiki da wani matashin likita Harvey Alter, sai layi ya fito tsakanin jinin wani majinyaci Ba'amurke da na wani ɗan asalin Ostiraliya, cikin baƙaƙen da Turawa suka tarar a ƙasar. Ba su san mene ne ba, sai suka raɗa masa suna Ostiraliya antijin. Da suka bi kwalaben nan da ya tara, sai suka ga abin mamaki: a Amurka da wuya a samu mutum 1 cikin 1,000 mai wannan abu, amma a Afirka da Asiya da tsibiran Pasifik ga shi nan birjik. Sun kuma same shi da yawa a jinin masu sankarar jini, shi ya sa takardarsu ta farko, ta 1965, a kan sankarar jini ta yi magana.

A nan ne labarin ya fi ja hankalina. Da Blumberg ya ga abin yana taruwa a gida ɗaya, uwa da 'ya'ya da 'yan'uwa, sai ya ɗauka gado ne, kamar sikila. Wannan ita ce fahimtar da mu ma muke da ita har gobe. Idan wa ya rasu da kumburin ciki, bayan shekara huɗu ƙane ya bi shi, sai a ce ciwon gidansu ne, ko kuma a ce an yi musu jifa.

Abubuwa uku suka sauya masa tunani, bayan ya koma Cibiyar Binciken Sankara ta Fox Chase a Filadelfiya a 1964. Na farko, sun gwada yara masu lalurar nan ta haihuwa da likitoci ke kira Down, suka ga waɗanda ke cunkushe a manyan gidajen reno kusan 1 cikin 3 na da abin, alhali waɗanda ke gaban iyayensu da wuya a same shi. Gado kuwa ba ruwansa da cunkoso. Na biyu, a 1966 wani yaro da aka gwada a baya ba shi da shi, aka sake gwadawa sai ga shi, da aka duba hantarsa aka tarar ta kamu. Na uku, a 1967 wata ma'aikaciyar ɗakin gwajinsu ta ji ba ta jin daɗi, ta gwada jininta da kanta, sai ga layi ya fito, ba a jima ba shawara ta bayyana a jikinta. Ta warke, kuma tana cikin mutanen farko da aka gano ciwonsu ta wannan gwaji.

Manyan masana hanta ba su karɓi zancen hannu biyu-biyu ba, don a ganinsu baƙo ne ya shigo musu fage. Wannan ba sai an yi wa mazaunin Sabo dogon bayaninsa ba. Abin da Blumberg ya yi shi ne ya riƙa aika kayan gwajin kyauta ga duk mai bincike da ya nema, kowa ya gwada da hannunsa. A 1968 Alfred Prince a Niyok da Kazuo Okochi a Japan suka tabbatar da alaƙar abin da ciwon hantar da ke bin ƙarin jini. A 1970 David Dane a Landan ya hango cikakkiyar ƙwayar cutar da madubin lantarki. Ashe abin da Blumberg ya gani rigar ƙwayar cutar ce, wato ɓawonta na waje.

Gwaji da rigakafi

Amfani na farko a ma'ajiyar jini aka gan shi. A farkon shekarun 1970 aka wajabta gwada jini kafin a ƙara wa mutum a Amurka. A asibitin da Alter ke aiki, kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa babban aikin zuciya suna kamuwa da ciwon hanta bayan ƙarin jini. Da aka fara gwajin, aka kuma daina karɓar jinin masu sayarwa, sai abin ya sauko zuwa kimanin kashi 10. Ragowar ce Alter ya ci gaba da bi har aka gano nau'in C, aikin da ya sa shi ma ya samu kyautar Nobel a 2020 tare da Michael Houghton da Charles Rice.

Amfani na biyu shi ne rigakafi. Blumberg da abokin aikinsa Irving Millman sun lura cewa jinin mai ɗauke da cutar cike yake da rigunan nan marasa komai a ciki, sun ninka ƙwayar cutar kanta nesa ba kusa ba. Sai suka ce, me zai hana a tace rigunan zalla a yi wa mai lafiya allura da su, jikinsa ya gane kamannin ɓarawo tun kafin ɓarawon ya zo? Sun nemi rajistar wannan dabara a 1969. Kamfanin Merck, ƙarƙashin Maurice Hilleman, ya yi aikin mayar da ita allura, aka amince da ita a Amurka a 1981. Tana da tsada a lokacin, kuma mutane na ɗari-ɗari da abin da aka tato daga jini. A 1986 aka fito da sabuwa wadda ake sa yis, irin na burodi, ya ƙera rigar, ba ruwanta da jinin kowa. Irinta ce ake yi wa 'ya'yanmu yau.

A 1976 aka ba Blumberg kyautar Nobel ta likitanci, tare da Carleton Gajdusek.

Hanta da sankara

Tun kafin Nobel ɗin, Blumberg na cikin masu cewa wannan ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin sankarar hanta a Afirka da Asiya. A shekarun 1970 shi da abokan aikinsa sun yi bincike a Senegal, suka ga iyaye mata na masu sankarar hanta da yawansu suna ɗauke da cutar. Hujjar da ta kashe bakin kowa daga Taiwan ta zo, inda Palmer Beasley ya bi ma'aikatan gwamnati maza 22,707 shekara da shekaru. Sakamakon da ya biyo bayan wanda ya fara fitarwa a 1981 ya nuna haɗarin sankarar hanta ga mai ɗauke da cutar ya ninka na wanda ba shi da ita kusan sau 100.

Ga yadda abin yake. Babban mutum idan ya kamu, galibi jikinsa na korar cutar, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunawa a jikinsu. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 zama take yi. Ba zazzaɓi, ba rawayar ido, yaro ya girma ya yi aure ya kama sana'a, ita kuwa tana cin hanta a ɓoye kamar gara a azara. Sai ya kai shekara 30 ko 40, lokacin da gida ya dogara a kansa, sannan ciki ya kumbura, ƙafa ta haye, ko a yi aman jini. Na sha ganin an ɗauko irin wannan majiyyaci daga kara ko daga kasuwar gwari an saka shi a motar Arewa, a ce a kai shi gida a nemi na gargajiya, kowa kuwa ya san ban kwana ake yi. Abin da ke tara cutar a gida ɗaya shi ne uwa ta ba ɗanta wajen haihuwa, yara kuma su ba juna ta ƙuraje da raunuka da reza. Kama da gado ta yi, amma ana iya tare ta.

Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984. A birnin Taipei, yara masu ɗauke da cutar sun sauko daga kusan 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1 cikin 100 a 1999, sankarar hanta a yara kuma ta ragu da kusan rabi. Shi ya sa ake kiranta allurar farko da ke hana sankara. A nan Afirka ta Yamma, Gambiya ta fara a 1986. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukkan ƙasashe a 1992. Mu a Nijeriya sai a 2004 ta shiga jerin rigakafin yara.

Ƙarshen rayuwarsa

Mutumin bai san zama wuri ɗaya ba. Daga 1989 zuwa 1994 ya shugabanci kwalejin Balliol ta Oksfod, Ba'amurke na farko da ya hau kujerar. A 1999, yana da shekara 70 da ɗoriya, hukumar NASA ta naɗa shi shugaban farko na cibiyarta mai binciken asalin rai da yiwuwar samunsa a wasu duniyoyi. Ya rasu ran 5 ga Afrilu, 2011, jim kaɗan bayan ya gabatar da jawabi a wata cibiyar NASA a Kalifoniya, yana da shekara 85. Ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka tsayar a matsayin Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

Abin da ya rage namu

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, kuma ya kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar. Kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa a yankin Afirka suke, amma jarirai 18 kacal cikin 100 ke samun allurar ranar haihuwa a yankin. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami cutar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Wato a sahun sallah mai mutum 12, a ƙiyasi akwai guda.

Mu mazauna Kurmi muna da namu ramukan. Mace ta yi awo a nan, cikin fari ya tsufa a kai ta gida goyon ciki, ta haihu a ɗaki, katin asibiti yana Legas ita tana ƙauye. Allurar farko kuwa cikin awa 24 ake so a yi ta, sauran a sati 6 da 10 da 14. Idan aka ce sai an yi suna, ko sai an gama wanka, an bar ƙofa a buɗe a daidai lokacin da ɓarawo ke zuwa. Ranar suna kuma ga wanzami da askarsa, a yi aski, a cire beli, wani gidan har da tsaga. Ƙwayar nan tana iya kwana 7 a kan ƙarfe da ranta. Ban ce a bar wanzami ba, sana'ar iyaye da kakanni ce, amma sabuwar reza ba ta kai kuɗin goron suna ba. Haka 'yan'uwanmu masu yankan farce da ke zaga tasha da kasuwa: almakashi ɗaya, yatsu ɗari. Su ma kansu suna cikin haɗari, ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu su shirya musu gwaji da allura.

Sai masu harkar hatsi. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da wata guba mai suna afalatoksin, wadda idan ta haɗu da wannan cuta a hanta ɗaya, haɗarin sankara ke ninkuwa. A shanya kaya su bushe sarai kafin a ɗura a buhu, musamman da yake damshin Kurmi ba irin na gida ba ne.

Wanda kuma aka gwada aka samu yana da ita, kada a guje shi. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musabaha, ko zama a tabarma ɗaya. Matarsa ko mijinta sai a gwada, in babu a yi allura. Akwai magunguna irin su tenofovir da ke danne cutar su kare hanta, ko da yake ba su cika kawar da ita gaba ɗaya ba, kuma likita ne zai faɗi wanda ke bukatarsu. Mai juna biyu da ke da ita ta gaya wa ma'aikatan awo tun da wuri. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba kuwa, hantar da ta riga ta gaji suke ƙara wa kaya.

Mutumin nan ya fito neman abin da ya bambanta jinin Bafulatani da na Bayarabe da na ɗan Ostiraliya, sai ya dawo da cutar da ba ta tambayar ƙabilar kowa, da allurar da ke yi wa kowa aiki iri ɗaya. Nasa ya yi, allurar jarirai kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati, na nan da na gida. Duk wanda matarsa ke da ciki, ya yanke tun yanzu inda za a yi wa jaririn allurar ranar farko, in kuma gida za ta tafi, ya kira surukarsa ya gaya mata da bakinsa. Shi kansa ya je a gwada shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalamu alaikum.